Kiret ɗin ƙwai ba ya tare kiɗa

Sana'ata haɗa kayan sauti ce: sifika, amfilifaya, makirufo da tarin wayoyin da ke tsakaninsu. Na daɗe ina yi a wuraren biki da gidajen shaƙatawa na Kaduna, kuma kullum abu ɗaya ake biyana in yi, in sa sauti ya tashi. Ranar da aka ce in hana shi fita waje na gane rabin sana'ar kawai na iya.

Wani gidan shaƙatawa ne a Barnawa, inda makaɗa ke wasa daren Juma'a da Asabar. Maƙwabta sun kai kuka wurin mai unguwa, har an fara maganar zuwa KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. Mai wurin ya kira ni ya ce, "Injiniya, kai ka kawo ƙarar nan, kai za ka kashe ta." A garin nan duk wanda ya riƙe testa injiniya ne, don haka ban musa ba.

Abin da na saba gani a situdiyon yara masu waƙa shi na yi. Muka bi masu shayi da masu sayar da ƙwai muka tara kiret na kwali, muka sayo soson katifa, muka lulluɓe bango. Kwana uku muna mannawa. Da aka kunna kaya, ciki ya yi daɗi, amsa-kuwwa ta ragu, muryar mawaƙi ta fito tar. Oga ya biya ni har da na mai. Ranar Litinin maƙwabta suka dawo, fuskarsu ta fi ta da ɗaurewa.

Cikinsu akwai wani dattijo da gidansa ke jikin katangar wurin. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai mun yi gyara."

Ya ce, "Ɗana, a ɗakinku kuka yi gyaran. Ka zo ran Asabar ka zauna a nawa."

Na je wajen sha biyun dare. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ajiye kofin ruwa a kan tebur, bai ce komai ba. Ruwan yana rawa. Gilasan taga suna kaɗawa a cikin ƙarfensu, kwanukan da ke jere a kabad ɗin matarsa suna amsawa. Abin mamaki, ba ka jin muryar mawaƙi, ba ka jin jita, sai dum, dum, dum kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Baba ya ce ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, ƙarar injina ta cinye masa kunne ɗaya. "Da a kunne nake jin abin nan, da sai in kwanta a kan mai lafiyar in yi barcina. A ƙirji nake jinsa."

Daga daren nan na koma karatu da tambayar waɗanda suka riga ni. Ashe aiki biyu ne na haɗa su wuri ɗaya. Shanye sauti a cikin ɗaki daban, tare shi kada ya fita daban. Soso da labule da kafet na farko suke yi, kuma siraran sautuka kawai suke kamawa. Bes kuwa, wato kaurin kiɗan da ke dukan ƙirji, idan yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangon kowace kaɗawa a cikin iska ya kai kusan mita 7. Ina soso mai kaurin inci biyu zai tare wannan? Abin da ke tare shi nauyi ne, da toshe kowace kafa, da barin rata tsakanin bango biyu da ba su taɓa juna. Lissafin ma ba ya faranta wa mai biya rai. In ka ninka nauyin bango, desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) ko kusa da haka za ka rage, alhali sai an rage kamar 10 kafin kunne ya ji ƙarar ta koma rabi.

Soson nan ma ashe rashin amfaninsa ne ƙaramin laifinsa. Wani tsohon mai wayarin da muke aiki tare ya yago ɗan guntu, ya fita da shi tsakar gida ya ƙyasta masa ashana. Kafin in ƙifta ido ya kama, yana ɗiga kamar narkakkiyar leda, baƙin hayaƙinsa ya sa mu tari a fili. Ya dubi bangon da na lulluɓe, ya dube ni. Daga baya na karanta labarin gidan rawa na Station a Amurka, inda irin wannan soso ya kama wuta a 2003 mutum 100 suka mutu, da na Kiss a Burazil a 2013, inda aka rasa 242, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. Washegari muka ɓamɓare komai, kuma ni na biya yaran da suka yi aikin daga aljihuna.

Karo na biyu ban fara da sayayya ba. Na sa aka kunna kiɗa da rana, na zagaya ginin da manhajar auna ƙara a wayata. Ba ta kai na'urar gaske ba, amma tana nuna inda ya fi wani wuri. Bangon da na yi kwana uku a kansa shi ne mai ƙaramin laifi. Ɓarayin su ne rufin kwano da silin mara kauri, tagogin gilashi masu buɗewa sala-sala, ratar da magina suka bari tsakanin kan bulo da rufi, da ƙofar da ba ta minti ɗaya a rufe saboda masu shiga da fita. Sauti halin hayaƙi gare shi, kafa ɗaya ta ishe shi.

Muka toshe tagogin ɓangaren Baba da bulo, aka yi filasta ciki da waje. Muka yi sabon silin falle biyu, a samansa muka shimfiɗa audugar dutse, wadda ba ta cin wuta. A Panteka aka ƙera mana ƙofofi biyu masu nauyi da roba a gefensu, muka yi ɗan zaure tsakaninsu, yadda kafin a buɗe ta waje ta ciki ta rufe. Manyan sifikun bes na janye su daga jikin bango na ɗora a kan roba mai kauri, na rarraba ƙananan sifiku kusa da teburan mutane maimakon biyu da ke ihu daga gaba.

Sai zafi ya ce ga shi nan. Ɗakin da ka toshe wa iska dole ka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta nemi babban janareta, janaretan kuma ya zama sabon abin ƙorafi ga gidan da ke ɗaya ɓangaren. Shi ma sai da muka gina masa ɗaki mai lanƙwasasshiyar hanyar iska. Oga ya daina kirana injiniya na ɗan lokaci.

Abin da ya fi komai araha shi ya fi wahalar karɓuwa, wato na'urar da ke ƙayyade iyakar ƙara. Mai kiɗa ba mugunta yake yi ba. Kunnensa ne ke gajiya, abin da ya ji da ƙarfi ƙarfe goma sai ya ji ya yi sanyi ƙarfe ɗaya, sai ya ƙara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15, kuma ƙa'idojin ƙara na NESREA, hukumar kare muhalli ta ƙasa, suna nan tun 2009. Ni dai ba don takarda na kulle na'urar ba. Yaran da ke kai abinci tebur suna kwana a cikin ƙarar nan duk mako, ni kuma tuni kunnena na hagu yake yi mini siririn kuka in dare ya yi shiru.

Da hunturu ya shigo, wani gida can layi na uku ya aiko, mutanen da ba su taɓa magana ba. In iskar ƙasa ta yi sanyi da dare, ta sama kuma ta fi ta ɗumi, sauti lanƙwasowa yake yi ƙasa ya yi nisa. Muka ƙara rage bes a watannin sanyi, makaɗa suna gunaguni.

Ran Asabar ɗin da muka gama na koma ɗakin Baba. Kwanukan sun yi shiru, taga ma haka. Ruwan kofin bai tsaya cik ba, in ka ƙura masa ido za ka ga yana ɗan motsi, domin kuɗin Oga sun ƙare kafin mu taɓa rabin rufin baya. Baba ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce in gaya wa maigidana ƙarfe ɗaya makaɗa su tashi, sauran kuma zai iya kwana da shi.