Talata, ranar kemo ta uku

Mun bar gida zuwa asibiti bayan sallar asuba, domin wanda bai ajiye katinsa kafin ƙarfe bakwai ba, to, a kan benci zai wuni. Yau kwana 21 ke nan cif da ƙara wa 'yata ruwan kemo na biyu, kuma likita ya sha jaddada mana cewa maganin sankarar mama ba ya son a riƙa ɗaga masa lokaci. Jiya aka ɗebi jininta, sakamakon ya nuna cewa ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun farfaɗo har za ta iya ɗaukar magani, sai muka yi hamdala muna zaton mai wuyar ta wuce.

Ashe da sauran rina a kaba. A tagar masu inshora aka shaida mini cewa lambar izini ba ta iso daga kamfanin ba, kuma idan babu ita ba za a fitar da ko sirinji ɗaya da sunan inshora ba. Katina na inshorar aikin gwamnati ba shi da amfani a nan, saboda ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba kawai yake ɗauka, ita kuwa shekararta 31. Inshorar wurin aikinta muka dogara da ita, wadda ake yankar kuɗinta daga albashinta kowane wata. Dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga inshorar lafiya, kuma ina ganin wajibin ya kamata ya hau kan masu karɓar kuɗin su ma, su amsa waya a ranar da mutum yake kwance.

Sau shida na kira kafin wata yarinya ta ɗauka, ta ce in faɗi cikakken sunan marar lafiya. Wannan 'yar fari ce, tun ranar sunanta ban taɓa kama sunanta da bakina ba, ko a ɗaka, balle a bainar jama'a. Na waiwaya ko zan ga mijinta, ya tafi neman abin karin kumallo. Sai na faɗa, aka ce ba a ji ba, na sake faɗa da ƙarfi har na bayan layi suka ji. Tana zaune a gefe ta ɗaga kai ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta gyara hular da ke ƙarƙashin hijabinta, wadda take sawa tun da gashin ya zube.

Lambar ta zo bayan azahar, amma ta gado da gwaji ce kaɗai. Jan maganin kemon nan mai sauya launin fitsari aka ce babu shi a ɗakin magani, mu saya a waje mu ajiye rasit. Rasit na wancan karon yana jakata har yanzu, ba a maido ko kwabo ba. Na ba surukina kuɗin 'yan kunnena na zinare da na sayar ranar Asabar, na roƙe shi ya rufa mini asiri.

Wajen la'asar aka ɗaura ruwan. Ina riƙe da roba kusa da bakinta saboda tashin zuciya, sai ta kai hannun da babu allura ta shafa kunnena.

"Umma, ina 'yan kunnenki?"

Na ce suna gida. Ta rufe ido ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Umma," na san ba ta yarda ba.

Yanzu ta yi barci bayan ta kurɓi kunu cokali huɗu. Na jera takardun da zan kai ofishin kamfanin gobe da kaina, domin likita ya ce bayan tiyata akwai gashin sankarar da na'ura, kuma ina so in ji tun yanzu ko za su biya.