Ashe CV ɗina hoto ne kawai, babu na'urar da ta iya karanta shi

Har yanzu in na tuna abun nan sai raina ya sosu, shi yasa nace bari in rubuta ko wani zai tsira. Akanta nake karantawa, lokacin IT, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, na matsowa kowa ya bazama neman inda zai je koyon aiki, ni kuma idona na kan manyan kamfanonin nan masu binciken kuɗi da suke buɗe shafin ɗaukar ɗalibai na ɗan lokaci su rufe sai wata shekarar.

CV ɗin a Canva, wata manhajar zane-zane, na haɗa shi, kuma wallahi ya yi kyau, shafi a rabe gida biyu, gefen hagu shuɗi da hotona a sama, ga taurari a gaban Excel da Word wai suna nuna iya ƙwarewata. Da na gama sai na sauke shi a matsayin hoto PNG saboda in tura wa ƙawayena su gani, kowa ya yaba. Da na zo cike fom shafin yace PDF kawai yake karɓa, toh sai na ɗauki wannan hoton na saka a wata manhajar waya da ke mayar da hoto PDF, minti ɗaya an gama. Wannan fayil ɗin shi na dinga turawa ko'ina.

Abun da ya fi ci min rai shi ne alamar ta fito tun ranar farko. Akwai shafukan da suke cewa ka ɗora CV za su cike maka sauran guraben da kansu, ina ɗorawa sai abun ya ɗan juya ya tsaya, gurbin suna wayam, gurbin makaranta wayam, ƙwarewa wayam. Ni duk na ɗauka matsalar intanet ce, sai in cike masu jan tauraro da hannu, suna da imel da lambar waya, in danna turawa in tashi ina jin na gama.

Watanni ina jira shiru. Ko saƙon ba haƙuri ban cika samu ba. Har na fara tunanin ko makina ne bai kai ba, alhali wasu da na fi maki an kira su intabiyu.

Yayana ne ya gano, shi yana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, kuma kunya ce ta hana ni nuna masa tun farko. Ya buɗe a kwamfuta, bai ma tsaya karantawa ba, yace "ƙanwata zo ki ja linzamin nan a kan sunanki ki zaɓo shi." Na ja, maimakon haruffan su yi shuɗi sai duk shafin ya ɗago gaba ɗaya. Ya danna Ctrl da F ya rubuta Excel, kwamfuta tace babu, ga kalmar kuwa ina kallonta da idona a gefen hagu. Nace Yaya me ke nan? Yace "wannan ai ba rubutu bane, hoton rubutu ne, wannan kika tura musu duka?" Jikina yayi sanyi.

Sai ya min bayani, kuma tunda shi yake zama a gaban abun kullum na yarda da shi. Manyan kamfanoni ba mutum bane yake fara buɗe takardunka, akwai manhajar tattara masu neman aiki da ake kira ATS, irin su Workday da Greenhouse da Lever da Taleo, ita ke zaro rubutun da ke cikin fayil ɗin ta rarraba shi, nan makaranta, nan ƙwarewa, nan aikin da ka taɓa yi. Yace maganar da ake yawan yi wai na'ura ce ke korar mutane da kanta akwai ƙari a ciki, abun da ya fi faruwa shi ne takardu sun yi yawa, sai ma'aikaci ya rubuta kalmar da yake nema kaman Excel ko sunan kwas, waɗanda suka fito su yake buɗewa. Wasu manhajojin suna ƙoƙarin karanto rubutu daga hoto, wasu ba sa yi, wasu su yi shi a hargitse. Ni kenan ina cikin jerin amma bayanaina fanko ne, duk binciken da aka yi ba zan fito ba. Ba a ƙi ni ba ma, ba a gan ni ba ne, kuma kafin in gane yawancin wuraren da nake so sun rufe.

Daren nan muka sake shi daga tushe a Word, shafi ɗaya, fari tas, rubutu daga sama zuwa ƙasa babu rabon gida biyu, saboda ko da rubutun na gaske ne wasu manhajojin layi-layi suke bi daga hagu zuwa dama, sai su haɗa gefen ƙwarewa da gefen makaranta su zama jimla ɗaya marar ma'ana. Girman haruffa 11, kanun kowane sashe da sunan da kowa ya sani. Taurarin nan ya goge su yana tambayata tauraro huɗu cikin biyar a Excel me yake nufi, wa ya auna? Ban da amsa.

Inda muka daɗe shi ne sashen gogewar aiki, don ni a tsohon CV ɗin layi ɗaya na saka a wurin, sai na cike sauran da cewa ni mai ƙwazo ce mai gaskiya mai son aiki tare da jama'a. Yaya yace duk ɗalibin da ya turo haka yake cewa, babu wanda ya taɓa rubuta shi malalaci ne, ki faɗa min abun da kika yi da hannunki. Nace ai ban taɓa aiki ba. Yace ba ke ce ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenku ba? Ashe abun da na raina shi ne jarina. Ni ke karɓar kuɗin ƙungiya, in shigar da sunan duk wanda ya biya a Excel, ƙarshen wata in ɗauko bayanan banki in gwada da nawa in nemo inda suka saɓa, in rubuta rahoto in karanta a taro. Wannan fa shi ne ainihin aikin da ake sa ɗan IT a ofishin akanta. Muka rubuta shi layi uku, kowane layi ya fara da abun da na aikata, na tattara, na daidaita, na gabatar. Muka ɗora karatu a sama da shekarar da nake sa ran gamawa, da kwasa-kwasan da suka shafi aikin kawai, da furojet ɗin da muka yi a aji.

Hoto da ranar haihuwa da ko ina da aure duk ya cire, amma wannan kam ka duba inda kake turawa. A Amurka da Ingila ba a son su saboda dokokin hana wariya, Ingila na da Equality Act ta 2010, kamfani baya son a ce ya zaɓi mutum ko ya ƙi shi saboda fuska ko shekaru. A Jamus kuwa har yanzu mutane da yawa suna saka hoto. In tallar aikin bata nema ba ni dai yanzu bana sakawa.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su, imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, sunan fayil ya zama sunanka da CV, ka karanta tallar da kyau in sun ce suna son mai iya daidaita asusu kuma ka iya to ka faɗa da irin kalmarsu, in baka iya ba kar ka saka don a intabiyu za su tambaye ka.

Alhamdulillahi na samu wuri daga baya, ƙaramin ofishi ne, kuma maganar ma'ajin ƙungiyar nan ita suka fi tsayawa a kai, matar da ta min intabiyu har tambayata tayi yadda nake yi in lissafina da na banki suka ƙi haɗuwa, na ji daɗi sosai don abu ne da na sani ciki da waje. Na koyi aiki a wurin ba kaɗan ba. Amma bazan ɓoye ba, wuraren da na so tun farko da na san takarduna sun kai a kira ni, suna nan a raina, kuma ba rashin cancanta ya raba ni da su ba, hoton nan ne.

Canva ba laifinta bane, tana da zaɓin sauke PDF mai rubutu na gaske, ni ce na bi ta hanyar hoto. Haka wanda ya buga CV a takarda ya ɗauke ta da kyamarar waya ko ya yi sikanin, duk abu ɗaya ne. Dan Allah kafin ka tura ka buɗe PDF ɗin, ka danna Ctrl da A, ka kwafa ka manna a Notepad ka karanta abun da ya fito daga farko har ƙarshe. In babu komai to hoto kake shirin turawa. In ya fito a cakuɗe ka cire tebura da akwatunan rubutu. Kuma lambar waya da imel kar ka saka su a can saman shafi cikin wurin da Word ya ware na kan takarda, wasu manhajojin tsallake wurin suke, ka sauko da su cikin jikin rubutun ƙarƙashin sunanka.