Wanda ya tono tushen tara

A ƙarshen wannan zangon na ajiye alli a makarantar da nake koyar da lissafi. Tunda ana ta tambaya ko da gaske barkwanci ne ya raba ni da aikin, gara ku ji daga bakina.

Duk wanda ya riƙe SS1 ya san yadda fuskar yara ke komawa ranar da aka ɗora wa x ƙaramin 2 a ka. Ni dabarar da na samu ita ce wasa da kalmomi, kuma Hausa ta yi mana gata a nan. Tara lamba ce, tara kuma kuɗin laifi ce. Sai in rubuta x² = 9 a allo, in ce, "Duk wanda ya tono tushen tara ya shiga uku." Aji ya fashe da dariya. In bari ta lafa, sannan in ƙara, "Har sau biyu ma: ɗaya a hannu, ɗaya bashi." Daga ranar da wuya ka ga yaron da ya manta da −3, wadda ita ce ke cinye musu maki a WAEC da NECO. In mun zo kusurwoyi kuwa, sai in tambaye su wace kwana casa'in ce ake yi a tsaye, ba a runtsa ba.

Mataimakin shugaba mai kula da karatu bai ga abin dariya ba. Dokar makarantar ita ce ba a yin banakula, yaron da ya yi Hausa a ci shi tara. Wata safiya ya laɓe a bakin taga, ya ji rabin darasi, kafin azahar takardar tuhuma ta iso ni: wai na mai da aji dandali. Na same shi a ofis na ce, "Yallaɓai, a duba littattafan yaran mana." Ko buɗewa bai yi ba. Na ce masa ita kanta kalmar aljabra daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma jabru a Larabci har ɗorin karaya take nufi, shi ya sa nake kiran mai warware lissafin mai ɗori. Na tuna masa da Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, bai jira Turanci ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, tarihi muka ɗauke ka ka koyar?"

Ƙarshen wata aka yanke mini albashi. Tara, in ji su. A ɗakin malamai aka ce na tono tushenta, ga shi na shiga uku, ni ma na yi dariya don maganar ta zauna.

Abin da har yau nake jin ɗacinsa shi ne ranar taron iyaye da malamai. Sakamakon ajina ya fi na sauran, mutumin nan ya miƙe gaban iyaye ya ce wannan albarkar dokar Turanci zalla ce, aka tafa masa. Ina zaune a layin baya, riƙe da rajista.

Ga masu shigowa aikin: barkwancin da ba ya ɗauke da ƙa'idar lissafi ɓata lokaci ne, a bar shi. Kada a yi wasa da sunan yaro ko garinsu. Kalmar kashi kuwa, in za ka koyar da kashi ɗaya cikin uku, faɗe ta da sauri ka wuce, in ba haka ba darasin ya tashi. Ka kuma ajiye kwafin makin ɗalibanka a gida, da kwanan wata a jiki, domin na ofis yakan yi ɓatan dabo ranar da ake rabon yabo.