Sukari a jar giyar inabi: yadda ake sa shi da inda aikin ke ɓaci

Abin da ke korar sabon mashayi daga jar giyar inabi shi ne bauri, irin wanda ɗanyen goro ke bari a harshe. Daga ɓawon inabin da ƙwayarsa yake fitowa. Kamfanonin Amurka da Turai masu zawarcin 'yan shekara ashirin da ɗoriya, waɗanda bakinsu ya saba da lemon kwalba, sai suka rufe baurin da zaƙi. Apothic Red na kamfanin Gallo da ke Kalifoniya na cikin waɗanda suka ci kasuwa ta haka.

A ma'aunin Tarayyar Turai, giyar da sukarinta bai wuce giram 4 a lita ba marar zaƙi ce, wadda ta kai giram 45 kuwa mai zaƙi ce. Lita ɗaya ta Coca-Cola ta haura giram 100. Sukarin irin wannan jar giyar yana ƙasa da haka, amma zaƙin na ɓoye ƙarfin barasa, mai sha ya yi ta kwankwaɗa bai ankara ba.

A lokacin tsimi, yisti ne ke cin sukarin inabi ya mai da shi barasa. Don giya ta yi zaƙi, wasu masu yin ta suna sanyaya tanki tun tsimi bai ƙare ba, yisti ya kwanta, sauran sukari ya tsaya. Wasu suna bari ya ƙare sarai, sannan su zuba ruwan inabin da bai tsima ba, abin da Jamusawa ke kira Süssreserve. Sukarin shayi dai dokar Turai ba ta yarda a ƙara zaƙi da shi ba.

Wahalar tana wajen ɗurawa a kwalba. Yisti kaɗan in ya tsira, zai farka ya cinye sukarin: kusan giram 17 a lita na ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, ga iska, giyar ta gurɓace, murfi ya yi tsalle. Shi ya sa ake tacewa da matata mai ƙananan ƙofofi na mikron 0.45 (mikron ɗaya bisa dubu ne na milimita), waɗanda yisti ba ya iya wucewa. Masu ƙaramin ƙarfi kan koma ga sinadarin sobet, wanda dokar Turai ta ƙayyade a miligiram 200 a lita. Sobet ba ya kashe yisti, haihuwa kawai yake hana shi, kuma dole a haɗa shi da sinadarin farar wuta mai hana bakteriya aiki. In aka yi sake, ƙwayoyin bakteriya masu tsamin nono, waɗanda suka yawaita a jar giya, sai su ci sobet ɗin, su bar warin dakakken ganyen furen jeraniyam da ba ya fita.

A 1985 an kama wasu masu giya a Ostiriya suna ƙara zaƙi da diethylene glycol, guba da ake samu a wasu ruwan hana injin mota daskarewa. Kasuwarsu ta ƙasashen waje ta durƙushe, ta yi shekaru kafin ta miƙe.