Ƙannena, kada ku ɓoye wa likita kuna sha

A 2019 na faɗi a babur da daddare ina dawowa daga wajen abokai, ba hular kwano, kuma na sha na yi tatul. Kaina ya daki bakin kwalbati, sai farkawa na yi a asibiti bayan kwana biyu an aske min rabin kai an yi ɗinki. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ya ɗan taru amma bai kai a yi aiki ba.

Likita ya ce malam kana shan giya ko wata ƙwaya? Hajiyarmu tana zaune a gefen gado da carbi a hannu, wallahi na kasa, na ce a'a. Daren nan hannuna karkarwa yake, gumi na karyo min, barci ya ƙi zuwa, nas-nas suna ta zirga-zirga sun ɗauka ciwon kan ne alhali jikina ne ke neman abin da ya saba. Daga baya na san wanda yake sha kullum in ya yanke lokaci ɗaya zai iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma da na faɗi gaskiya akwai maganin da suke bayarwa har da allurar bitamin B1.

Aka sallame ni da wani magani, phenytoin, don kar farfaɗiya ta kama ni. Sati uku kacal na koma shan giya, wai kwalba ɗaya don in samu barci. Toh kwalba ɗayar nan sai ta yi min abin da huɗu ba sa yi da, saboda ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo ba ta iya ɗaukar giya kamar da, kuma watannin farkon nan su ne lokacin da take gyara kanta da sauri, ni kuma ina ta zuba mata abin da ke hana gyaran. Sai in shiga ɗaki in tsaya ban san me ya kawo ni ba. Kwastoma ya ba ni kuɗi a shago in mance, abu kaɗan in hau matata da faɗa, ita kuwa ba ta yi min komai ba. Maganin ma wata rana in sha wata rana in mance, ranar da na haɗa shi da giya kuma jiri har bango nake dafawa.

Wata na uku na faɗi a banɗaki ina jijjiga, na sake buga wajen nan dai. Wannan karon sai da aka buɗe kan aka zuƙe jinin.

Dan Allah in kun bugu a ka ku bar giya gaba ɗaya, har burkutu da 'yar ledar nan, kuma tramadol ma tana tayar da farfaɗiya, kar wani ya ce maka ai ta ciwon kai ce. In kunyar iyaye ce ta hana ka magana, ka ce wa likita kana son ganinsa ku biyu, zai fitar da kowa. In kuma ka saba sha kullum kar ka daina kai kaɗai a ɗaki, ka bari su taimaka maka.

Ni dai na daina tun bayan aikin, alhamdulillahi. Har yau da ɗan littafi a aljihuna, duk wanda ya karɓi kaya bashi sai na rubuta nan take yana tsaye, in ba haka ba kafin la'asar ya fita daga kaina.