Yini guda wajen neman kujerar da za ta iya da maguna

Asabar, bayan isha'i.

Yau na ba da kafin alƙalami na sababbin kujerun falo. Da Abban yara muka shirya fita, amma tun bayan sallar asuba abokansa suka zo suka ɗauke shi zuwa ɗaurin aure a Daura. Ya ce in tafi da ƙanena, duk abin da na zaɓa ya yi masa, sharaɗinsa ɗaya ne: kada a wayi gari baɗi mu sake zama kan maganar kujera.

Waɗanda ke falon yanzu na kayan ɗakina ne, na leda, irin da ake yayi lokacin aurena. Zafi ne ya fara taɓa su. A watan Afrilu zafin Katsina kan wuce digiri 40, leda kuwa roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, idan ta sha zafi da gumi, ta zo ta sha bushewar hunturu, sai ta tsattsage. Hannun mai zaman ukun ya dare kamar faso a dunduniya. Daga nan maguna suka karɓi aikin. Da zarar farce ya sami ɗan tsagi, shi ke nan, yau a ɓanɓare ɗan guntu, gobe soso ya leƙo, har ta kai ina share gutsattsarin soso da safe tare da ƙura.

Su biyu ne, uwa da ɗanta. Uwar toka-toka ce, ɗan kuma ja da fari. Tun da suka zauna gidan nan ɓera bai sake huda mini buhun masara a sito ba, kuma autata ba ta cin tuwo sai ta gutsura musu. Da Hajiya, surukata, ta ji za a kashe kuɗi a kan kujeru, cewa ta yi, "Ki sa yara su zuba su a buhu su kai bakin kasuwa, ki huta." Na san tausayin aljihun ɗanta ne ya sa ta faɗi haka. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba." Tun muna islamiyya aka karantar da mu hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ga kuma na Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Dabbar da ta saba da hannuna, in jefar da ita cikin babura da karnuka saboda yadi, zuciyata ba ta yarda ba.

Kuma yakushin nan ba ƙeta ba ce. Farcen kyanwa ɓawo-ɓawo yake girma, sai ta karci wani abu tsohon ɓawon ya fita, sabon ya bayyana. Tana miƙe jikinta da shi idan ta tashi daga barci. Sannan a tafin ƙafarta akwai inda wani ƙamshi ke fita wanda mu ba ma ji, da shi take sa alama cewa nan wurinta ne. Shi ya sa kullum kusurwar da ke bakin ƙofa take zaɓa, inda kowa ke wucewa. Ko duka ko tsawa ba za su cire mata wannan ba. Don haka na fita da niyyar neman kujerar da farce ba zai sami makama a jikinta ba.

Mun fara da wani babban shago mai gilashi a titin IBB. Gaskiya kayan sun yi kyau, 'yan Turkiyya da 'yan gida duk an jera, fitilu na haska su. Yaron shagon ya kai ni gaban wata fara sol, ya ce, "Hajiya, wannan ita ce ta amare bana." Yadinta irin wanda zarensa ke fitowa ya koma ne, ya yi 'yan zobba ƙanana a ko'ina, ga laushi a hannu. Na roƙe shi samfurin yadin, na ciro makullin ɗakina na ja bakinsa a kai a hankali. Nan take zare ya biyo makullin, ya fito tsawon ɗan yatsa. Makulli ma ke nan da ba shi da tsini. Na miƙa masa abinsa na ce wannan ta gidan da ba kyanwa ce.

A bayan wasu samfuran da suka zo daga waje akwai wata lamba da aka buga, sakamakon gwajin da ake kira Martindale. Na'ura ce ke goga yadin tana ƙirgawa har sai zare ya fara tsinkewa, kuma na falon da ake zama kullum ana son lambar ta kai 25,000 ko ta wuce. Na duba, wasu sun wuce nesa ba kusa ba, har da mai zobban nan. Sai dai gwajin na gogayya ne, na zama da tashi, bai shafi farce mai ƙugiya ba. Yadi zai iya cin wancan gwajin, kyanwa ta warware shi cikin mako guda. Ta fata ta gaske ma na gani, guda ɗaya, ba ta ɓarewa irin leda amma duk inda farce ya bi sai ya bar zane, kuɗinta kuwa ko tambaya ta biyu ban yi ba.

Muka yi azahar a gidan yayata, ta dama mana fura. Ita ce ta ce in daina yawon shagunan gilashi, in je wurin wani dattijon kafinta ta wajen Ƙofar Ƙwaya wanda ya haɗa mata nata tun kafin ta haifi babban ɗanta, har yau ba su yi ko ƙara ba. Muka hau Napep.

Rumfa ce ta kwano a cikin lungu, garin katako har idon sawu, yara biyu na goge wani hannun kujera. Na gaishe shi, na ce, "Baba, kujera nake so, amma ina da maguna." Bai yi dariya ba, abin da ya fara burge ni ke nan. Ya ce, "To, Hajiya, zo ki ga wani abu tukuna." Ya sa yaran suka kifa wata kujera da aka kawo masa gyara, ya yage baƙin ƙyallen da ke ƙarƙashinta. Abin da na gani ya ba ni tsoro. Siraran katakai ne farare, wasu da ɓawonsu, an harhaɗa da ƙusa, ɗaya ya lanƙwashe har ya tura ƙusar waje. Inda ya kamata a ga katako mai kauri, kwali ne. Ya ce, "Kin ga wanga? Ɗanye aka yi aiki da shi. Shina jiƙe aka buga, da hunturu ya zo ya bushe sai ya murɗe, ƙusa ta saki. Daga waje kuwa sai ki ce ta gidan gwamna ce."

Ya jawo guntun madaci ya ɗora mini a hannu, ja ne, da nauyi, ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya yi ƙara tsaf. Ya ɗauko farin katako mai girma ɗaya da shi, wannan kam ba nauyi, har na iya nutsa farcena a jikinsa. Ya ce firam ɗin kujerata da jan katako busasshe zai yi, kowace gaɓa a sa mata gam a ɗaure da sukuru, a kuma kafa ɗan guntun katako a kowace kusurwa ya riƙe ta. Za a shafe shi da maganin gara tun kafin a rufe. A ƙarƙashin mazauni akan ja bel-bel ne a saƙa su, wasu na yanka tsohuwar taya su yi da ita, ya ce shi ba ya ƙin hakan idan an ja da ƙarfi an kuma matsa su kusa da juna, matsalar masu sa uku ne a inda ake buƙatar shida.

Na daɗe a kan maganar soso, don nan ne aka fi cutar mutane. Ya ba ni guda biyu masu girma ɗaya. Na matsa na farko, tauri gare shi, na ce wannan ne mai kyau. Ya girgiza kai ya ce in ɗaga su in ji. Na biyun ya fi nauyi sosai, kuma da na danna shi na saki, nan da nan ya dawo yadda yake. Tauri daban, nauyi daban. Nauyin ne ke nuna yawan abin da aka zuba a ciki, shi ne masu sayarwa ke kira densiti, kuma na mazauni ana son ya kai wajen kilo 30 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Mara nauyin, ko da ya yi tauri ranar saye, cikin 'yan watanni zai lotsa ya bar rami. Na ce a sayo na kamfani mai tambari a jiki, in gani da idona kafin a yanka. Ya ce haka ya fi so, don kada gobe a ce shi ya canza.

Sai ya kawo wani abin da ban yi tunaninsa ba sam. "Magunanki suna shiga ƙarƙashin kujera?" Na ce ɗan har kwana yake a ciki, ya yage ƙyallen ƙasan ya yi ɗaki. Ya ce to maimakon ƙyalle, filawud siriri zai buga a ƙasan, ya huda 'yan ramuka don iska. Ƙafafun kuma ya ɗaga su yadda tsintsiya za ta shiga ta fita, saboda gashi da ƙura a nan suke taruwa.

Yadi kuwa karammiski muka tsaya a kai, mai gajeren gashi da saƙa a matse. Dā ina ganin shi ne zai fi saurin lalacewa don laushinsa, amma gashinsa yankakke ne, kowane zare a tsaye yake, ba zobe ko ɗaya da farce zai maƙale. Na yi masa gwajin makulli, ya bi ta kai ya zame, na shafa da hannu zanen ya ɓace. Aibinsa shi ne yana riƙe gashin kyanwa, sai an riƙa bi da ɗanyen tsumma ko buroshi. Wannan aikin na yarda da shi. Ƙanena ya so baƙi, na ce a'a: baƙi a garin nan da hunturu, kafin la'asar ya koma fari, ga gashin jan ɗan nan zai fito ɓaro-ɓaro. Na ɗauki ruwan ƙasa mai ɗan haske. Kowane mazauni da kowane majingini za a yi masa riga mai zif da za a cire a wanke, a ciki kuma a naɗe soson da siririn yadin da ruwa ba ya ratsawa. Fitsarin kyanwa idan ya shiga soso ba ya fita, sai dai a jefar da soson. Na kuma ce ya sayo yadin da rara, a ajiye mini, saboda ranar da hannu ɗaya zai buƙaci sabuwar riga kada a nemi kalar a rasa.

Da ya faɗi kuɗi sai da na yi shiru. Ya ce, "Hajiya, mi zan yi? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau, katako daga kudu yake zuwa, sinadarin soso kuma da dala ake sayo shi." Ba ƙarya ya yi ba. Maimakon in rage ingancin kayan, sai na rage yawansu. Na bar saitin uku, biyu, ɗaya, ɗaya da kowa ke yi, na ce a yi mai zaman uku da masu zaman ɗaya guda biyu. Baƙinmu mata dama a kan darduma suka fi son zama. Muka yi ciniki, ya rage abin da ya rage, muka rubuta komai a takarda: irin katako, irin soso, filawud, zif.

A hanyar dawowa ƙanena ya ce, "Yaya, ba gara a cire musu faratan gaba ɗaya ba? Na ji Turawa na yi." Raina ya ɓaci. Wannan aikin ba yankan farce ba ne, gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ake guntulewa da ƙashinta. A Ingila doka ta hana, jihar New York ta Amurka ma ta hana a 2019. Kyanwar da ke fita tsakar gida tana hawa katanga, da me za ta kare kanta? Abin da ake yi shi ne a rage tsinin kawai da abin yanke farce, ba tare da an kai wurin da yake ja-ja ba, don nan jini yake. Na sa ya tsaya a babbar kasuwa na sayi igiyar rama dami guda. Baba ya yi alkawarin zai ba ni guntun katako mai tsayin da kyanwa za ta miƙe a jikinsa, a kafa shi a kan faffaɗan gindi don kada ya yi rawa, in naɗe shi da igiyar tam, in ajiye daidai kusurwar nan ta bakin ƙofa da suka saba. Ɗan kuma ya fara fesa fitsari a bango, lokacin kai shi asibitin dabbobi ya yi, a yi masa fiɗiya da allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Abban yara ya dawo ana kiran magariba, a gajiye. Na ba shi takardar ya karanta yana cin abinci, ya tsaya a kan filawud ɗin ya ce wannan dattijon ya san aikinsa. Rage mai zaman biyun ne bai yi masa daɗi ba, saboda abokansa ranar sallah, amma ya ce a bari in an sami hali a ƙara, tun da akwai ragowar yadi. Tsofaffin za mu fitar da su zaure.

Gobe da hantsi yaron Baba zai zo da abin awo, don ya ce ba ya fara haɗa mai zaman uku sai ya san faɗin ƙofar da za ta shiga.