Abin da Nazarin Shari'o'in Riƙon Yara a Amurka Ya Koya Mini

Duk wanda ya zauna ya karanta hukunce-hukuncen Amurka kan 'yancin addini da riƙon yara zai lura cewa hayaniyar waje daban, abin da alƙalai ke dubawa daban. A waje ana ta musu kan auren jinsi. A cikin kotu kuwa, sau da yawa layi guda a takardar kwangila ke raba gardama.

Sai an fara gane yadda aikin yake. Gwamnatin birni ko ta jiha ce ke karɓar yaron da aka raba da iyayensa saboda sakaci ko cin zarafi, amma ƙungiyoyi masu zaman kansu take ba kwangilar tantance waɗanda za su riƙe shi. Ma'aikaci zai je gidan, ya ga inda yaron zai kwana, ya binciki ko wani a gidan ya taɓa aikata laifi, ya duba lafiya da hanyar samun abinci da zaman ma'auratan. A Filadelfiya wannan kan ci wata uku zuwa shida. Daga nan ƙungiyar ta sa hannu cewa gidan ya dace. Wannan sa hannun shi ne tushen rigimar, domin ƙungiyar Catholic Social Services ta cocin Katolika, mai irin wannan kwangila da birnin Filadelfiya, tana ganin sa a matsayin amincewa da zaman mutum biyun, don haka ba ta tantance masu auren jinsi, haka ma namiji da mace da ke zaune ba aure.

A 2018 birnin ya daina tura mata yara. Ranar 17 ga Yuni, 2021, Kotun Ƙoli ta ba ƙungiyar gaskiya a shari'ar Fulton, alƙalai tara baki ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka an ba kowace ƙungiyar addini damar ƙin wanda ta ga dama, alhali hukuncin bai kai nan ba. Tun shari'ar Smith ta 1990, ƙa'idar ita ce dokar da ta hau kan kowa daidai ba ta tauye 'yancin addini, ko da ta takura wa mai addini. Matsalar Filadelfiya tana sashe na 3.21 na kwangilarta, wanda ya hana nuna bambanci amma ya ba kwamishinan birnin mai kula da wannan aiki ikon ɗaga wa wanda ya so ƙafa. Alƙalin alƙalai John Roberts ya ce tunda akwai wannan ƙofa, dokar ba ta hau kan kowa daidai ba, kuma birnin bai kawo ƙwaƙƙwaran dalilin rufe ta ga mai uzurin addini ba. Ba a taɓa ɗaga wa kowa ƙafar ba, amma kasancewar ikon a rubuce ya isa ya kayar da birnin. Alƙali Samuel Alito ya yi gargaɗin cewa da zarar an goge wannan layi, rigimar za ta dawo sabuwa.

Wani kuskuren da ɗalibai ke yawan yi shi ne jingina da dokar tarayya ta kare 'yancin addini ta 1993. Tun 1997 kotu ta ce ba ta aiki a kan jihohi. Shi ya sa jihohi ke yin nasu dokokin da ke ba ƙungiyoyin tantance masu riƙon yara damar ƙin abin da ya saɓa wa aƙidarsu: Bajiniya a 2012, Mishigan a 2015, Tekzas a 2017, Tenesi a 2020. Inda babu irin wannan kariya, wasu ƙungiyoyi sun gwammace su janye, kamar yadda Catholic Charities ta cocin Katolika ta yi a Boston a 2006.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗin lafazin waɗannan dokoki. Idan aka rubuta cewa ƙungiya na iya ƙin duk abin da ya saɓa wa aƙidarta, to maganar ta wuce auren jinsi. A Tenesi wata ƙungiyar Kirista mai karɓar kuɗin gwamnati ta ƙi horar da wasu ma'aurata saboda Yahudawa ne. A Karolina ta Kudu, ƙungiyar Kirista ta Miracle Hill ta samu izinin gwamnatin tarayya a 2019 ta ci gaba da aiki da masu aƙidarta kaɗai. Iyalin Musulmi da ke son riƙon maraya za su iya cin karo da ƙofar nan a rufe, da hujjar dokar da aka yi da sunan kare addini.

Don haka idan aka ɗora maka irin wannan doka a gaba, duba ko ta tilasta wa ƙungiyar da ta ƙi mutum ta tura shi wata, kamar yadda ta Tekzas da ta Mishigan suka yi. Sannan ƙirga ƙungiyoyin da ke yankin. A lokacin shari'ar Fulton, Filadelfiya na da fiye da 20, wanda aka ƙi a nan zai samu a can. A ƙauyen da ƙungiya ɗaya ce tilo, ƙin tantance gida guda na nufin yaro zai ƙara watanni a gidan kwana na gwamnati yana jira.